Na Ce Mata Da Sauƙi

Ranar da matata ta faɗi Talata ce, da hantsi. An yi ruwa da asuba, tsakar gida bai gama bushewa ba. Tana zaune a ƙofar kicin tana tsince wake, ni kuma ina ɗaki ina neman tabarau. Sai na ji ƙarar faranti a siminti. Da na fito na same ta kwance ta gefen dama, wake ya watse ko'ina, bakinta ya karkace, tana kallona kamar tana son ta tambaye ni wani abu amma maganar ta ƙi fita.

Mu biyu ne a gidan. 'Ya'yanmu duk sun yi nisa, babban yana Abuja. Gidanmu yana ƙarshen layi a Samaru, maƙwabtanmu ma'aikata ne da ɗalibai, a irin wannan lokaci kowa ya fita. Na gwada ɗaga ta, na kasa. Na haura saba'in, ita kuma ba ƙaramar mace ba ce.

Akwai wata lambar waya da aka raba mana a coci. 'Yan kasuwar Sabon Gari ne da wasu coci-coci da masallatai suka haɗa kai suka sayi tsohuwar bas, suka cire kujerun suka sa gado, suka ce duk wanda larura ta same shi, daga Jushi har Samaru, ya kira. Mota ɗaya ce, da direba ɗaya, da mace ɗaya mai ɗaukar waya. Ban taɓa ganin matar ba. Na danna lambar, da na buɗe baki muryata ba ta yi rawa ba ko kaɗan.

“Motar asibiti ce, ina ji,” in ji ta.

“Barka da hantsi, 'yata. Ya aiki? Ya ruwa?”

“Mun gode Allah, Baba. Waye ba lafiya?”

“Maman yara ce ta ɗan faɗi.”

“Ayya. Tana numfashi?”

“Tana yi.”

“Ya jikin nata yanzu?”

“Da sauƙi.”

Sai na ji wata wayar tana ƙara kusa da ita. Ta ce in riƙe. Daga inda nake ina jiyo ihun wata mace ta cikin wancan layin. Bayan ɗan lokaci ta dawo gare ni.

“Baba, ka ce da sauƙi ko?”

“Da sauƙi, mun gode Allah.”

“To, akwai wani a Jushi, mota za ta fara zuwa can, daga nan ta wuce wajenku. Yi mini kwatancen gidan.”

Na yi mata kwatance. Har godiya na yi mata.

Na yi aikin malamin gona fiye da shekara talatin, aikin ya kai ni wurare. Na zauna a Maraɗi da Garwa da Kumasi, na yi watanni a Sudan, na yi kwas a Ingila. Ina jin Turanci da Faransanci da Fulatanci, ina ɗan taɓa Yarabanci, Turancin Buroka kuwa tun ina saurayi na iya shi a kasuwar Sabon Gari. Na san sarai akwai inda idan aka tambaye ka jikin mara lafiya, amsar ake so, ba gaisuwa ba. Amma duk waɗannan harsunan ba wanda ya zo mini a ranar. Bakin da uwata ta ba ni a ƙauyenmu shi ya buɗe. A wurinmu, Kirista da Musulmi, ba a cewa jiki ya yi tsanani. Na sha zuwa dubiya in tarar mutum ba ya gane kowa, an daina ba shi ko ruwa, a tambayi 'yan'uwansa su ce da sauƙi. Ba ƙarya suke yi ba. Ba a yanke wa Allah hukunci ne, kuma ba a faɗin mummunan abu a kan mutum yana ji. Matata tana ji na a lokacin. Idonta yana kaina.

Na sa mata matashi, na zauna a ƙasa kusa da ita. Na goge mata miyau da bakin rigata. Na yi ta ce mata mota tana hanya. Duk ƙarar injin da na ji sai in fita ƙofa ba takalmi, in dawo. Na yi tunanin in sake kira, sai na ga kamar zan takura wa yarinyar, ai ta ce za su zo. Fiye da awa ɗaya muka yi haka. A ƙarshe wani mai Keke Napep ya kawo wa maƙwabciyarmu buhun gawayi, na tare shi ina roƙo. Shi da wata mata mai tallan ganye suka kama mini, muka naɗe ta a bayan keke kamar kaya, ƙafarta ɗaya tana lilo a waje ina riƙe da ita. Muna shiga ƙofar asibiti direban motar da na yi ta jira ya kira ni, wai ga shi a layinmu.

Likita ta ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ta tambaye ni ƙarfe nawa abin ya faru. Da na faɗa, ta dubi agogo, ta ci gaba da rubutu. Matata ta rayu. Hannun dama da ƙafar dama sun tafi, magana ma ta tafi, sai wani sauti guda da take maimaitawa ko ruwa take so ko juyi.

Daga baya na ji labarin na Jushi daga bakin direban. Wani mai walda ne ya yanke jiki ya faɗi a shagonsa, zazzaɓi ne ga yunwa. Matarsa ce ta kira tana kururuwa da Buroka, “E don die o! E don die!” Wato ya mutu. Da mota ta isa, an same shi zaune a kan benci yana shan ruwan leda. Wannan ma na san shi. A bakin mutanen kudu da yawa, mutum yana suma ya mutu ke nan, ana kuka ana birgima, idan ya farfaɗo a yi dariya. Ita ma ba ƙarya ta yi ba. Haka nata bakin yake.

Babban ɗana ya iso washegari. Mutum ne mai son takarda da lokaci. Ya karɓi wayata, ya duba ƙarfe nawa na kira, ƙarfe nawa direba ya kira.

“Baba, me ka faɗa mata?”

“Na ce mamanku ta faɗi.”

“Shi ke nan, ta tura mota wani wuri?”

“Ta ce akwai wani a Jushi.”

Ban ƙara komai ba. Ya zauna a barandar asibiti ya rubuta wa kwamitin motar takardar ƙorafi da Turanci mai kaifi. Ya ce sakaci ne, ya nemi a kori matar. Ya bincika ya gano iyayenta Ibo ne, sai ya ƙara wani layi a ƙasa, wai a duba ko ta fifita nata ne a kan Bahaushe. Duk wanda ya zauna a Zariya ya san abin da irin wannan layin yake iya jawowa. Ya miƙo mini biro, na sa hannu. Ina jin tsoron idonsa, kuma ina son a ce laifin wani ne.

Kwamiti ya sa zama ranar Asabar ta sama. Kwanakin da ke tsakani na yi su ina ba matata koko da cokali, rabi yana zubowa ta gefen bakin. Ba ta iya cewa komai, amma ita kaɗai ce bayan ni ta san abin da na faɗa a waya. Ran Alhamis na bar ta da ƙanwarta, na hau bas zuwa Sabon Gari.

Ofishin yana saman wani shagon kayan mota kusa da PZ, sai an bi wani tsani na ƙarfe mai santsi. Ɗaki ne ɗan ƙarami, tebur ɗaya, benci ɗaya, taga tana kallon masu gyaran janareto, ƙara ba ta tsayawa. Matar tana zaune, za ta yi shekara talatin da 'yan kai, ta toshe kunne ɗaya da yatsa tana magana a waya. Wayoyi biyu ne a gabanta, ɗaya an ɗaure bayanta da roba, da littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Na jira ta gama, na yi sallama.

“Barka da rana, 'yata. Ya aiki?”

Ta ɗago ta dube ni, ta ajiye biro.

“Kai ne Baban Samaru.”

“Ni ne.”

“Na gane muryar. Zauna, Baba. Ya Mama?”

Na zauna. Hausarta irin ta 'yan Sabon Gari ce, a nan aka haife ta. Ta buɗe littafin, ta juya shafuka, ta turo mini. Ga ranar, ga lambata, ga “Samaru, mace, ta faɗi, tana numfashi.” A ƙasa ta rubuta “da sauki,” ta sa alamar sau biyu.

“Ban nuna wa kowa ba,” in ji ta. “Wa zai yarda? Za su ce jiya na rubuta.”

Na tambaye ta, ita da aka haifa a nan, ba ta san yadda muke magana ba ne?

“Na sani mana, Baba. Maƙwabcinmu an ce da sauƙi da safe, da la'asar aka binne shi. Amma kai ka tambaye ni aiki, ka tambaye ni ruwa. Ka ce ta ɗan faɗi. Ɗan! Ga wata a ɗaya kunnen tana cewa mijinta ya mutu. Mota ɗaya ce. Na tambaye ka sau biyu don in tabbatar. Bayan wannan ban san me kuma ake tambaya ba.”

Ta nuna mini bango. An liƙa bayan wata tsohuwar kalanda, da tambayoyi biyar rubuce da Turanci. A da a kemis take aiki, in ji ta, shi ya sa kwamiti ya ga ta san magani. Ranar da ta fara, wata nas ta zauna da ita daga azahar zuwa la'asar, ta rubuta waɗannan biyar ɗin, ta tafi. Iyakar koyarwar ke nan, shekara ta uku ke nan ana tafiya. Ita ta juya tambayoyin da kanta zuwa Hausa da Ibo da Buroka. “Ya jiki” ma ba ya cikin biyar ɗin. Wasu dattawa ne suka kai ƙara wai ba ta da ladabi, tana yanke musu gaisuwa, sai kwamiti ya ce ta riƙa gaishe da manya tana tambayar jiki.

Nan na tuna wani abu da ya faru a Ingila. Wani abokin kwas ɗinmu, dattijo, ya zame daga kujera a ɗakin cin abinci, ni na kira lambar gaggawa. Matar da ta ɗauka ba ta gaishe ni ba, ba ta tambayi jikinsa ba. Ta ce in ce masa ya yi murmushi in gaya mata ko bakin ya daidaita. Ta ce ya ɗaga hannu biyu. Ta ce ya faɗi sunansa. A lokacin har na ji haushinta, na ce waɗannan mutane ba su da tausayi. Ashe ta ƙi ba ni damar in faɗi ra'ayina ne, abin da idona ya gani kawai take so. Na ba ta wannan labarin.

“Murmushi?” in ji ta. “Ba wanda ya taɓa gaya mini wannan.” Ta ɗauki biro ta rubuta a ƙasan kalandar. “Da na tambaye ka haka, me za ka ce?”

“Zan ce bakin ya karkace.”

Ta daɗe tana kallon bangon.

Wayar da aka ɗaure da roba ta yi ƙara. Na ga hannunta ya tsaya a sama kafin ta ɗauka. Wata ce daga Jama'a, 'yarta tana naƙuda. Ta yi mata magana da Hausa, ta juya ɗaya wayar ta yi wa direba Buroka, ta dawo ta ce wa matar kada ta kashe waya, ta yi ta lallashinta har aka ji hon ɗin mota ta cikin layin. Ban taɓa ganin tafinta a taron ƙasa da ƙasa ya yi aikin da ya fi wannan wuya ba, kuma su ana canza su su huta.

“Tun ranar nan, Baba, masu magana a hankali nake tsoro,” in ji ta bayan ta ajiye. “Shekaranjiya wani tsoho ya gaishe ni gaisuwa mai kyau, ya tambayi iyalina. Ban tsaya ba na tura mota a guje. Ashe kwana uku ne bai yi bayan gida ba. Direba ya kusa cinye ni.”

Ta yi dariya, ni ma na yi, sai dariyar ta ƙare da wuri. Ta ce akwai ranar da jariri ya mutu tana riƙe da waya, uwar tana tambayarta me za ta yi, ita kuma ba ta sani ba. Ta gama, ta rufe ofis, ta je ta dafa wa 'ya'yanta shinkafa. Ba wanda ya tambaye ta komai. Da aka yi taron godiya na shekara, an kira direba gaba an tafa masa, ita tana waje a gindin mangwaro saboda wayoyin ba sa samun sabis a cikin zauren. A takardar kwamiti sunan aikinta “mai shara da ɗaukar waya.”

“Ɗanka ya ce na zaɓi ɗan'uwana,” in ji ta. “Mai waldan nan ba Ibo ba ne ma. Amma maganar ta riga ta kai layinmu. Mai kayan miyan da nake saye wajenta shekara da shekaru, jiya ba ta amsa gaisuwata ba.”

Ran Asabar aka zauna a wani aji na makarantar firamare, manya a kan kujerun yara. Shugaban kwamitin mutumin kudu ne mai sayar da tayoyi, sakatare wani malami ne mai farin gemu, akwai fasto, akwai direba, ga ɗana da fayil. Matar tana can gefe, wayoyin a cinyarta. Ɗana ya karanta takardarsa har ƙarshe. Shugaba ya tambayi ko akwai mai ƙari kafin a yanke. Na miƙe.

Na faɗi komai kamar yadda ya faru. Na ce na tambaye ta aiki da ruwa. Na ce na faɗa mata ta ɗan faɗi. Na ce ta tambaye ni sau biyu, sau biyu na ce da sauƙi.

“Baba, zauna,” in ji ɗana. “Ba ka cikin hayyacinka a ranar.”

“Ina cikin hayyacina. Har godiya na yi mata. Kuma da ka tambaye ni, na ɓoye maka.”

Sai malamin ya shafa gemu ya ce, “Wallahi ko ni ne haka zan ce.” Fasto ya gyaɗa kai. Shugaba ya daki tebur da tafin hannu, “Ku mutanen nan! Mutum yana mutuwa kuna ya aiki, ya gajiya!” Malamin ya ce, “Ku kuma mutum ya yi atishawa kun tara masu makoki.” Wasu suka yi dariya. Ɗana bai yi ba. Ya rufe fayil ɗinsa, ya fita, ban ji tashin motarsa ba sai daga baya.

Aka janye ƙorafin nan take. Ban zauna ba. Na ce ina roƙon abu uku: a samo wanda ya san aikin ya koya mata sosai, ba na yini ɗaya ba, a samo mutum na biyu da za su riƙa karɓar juna, a kuma gyara sunan aikinta a takarda. Na ce idan tambayoyin suka samu, ni zan zauna in juya su zuwa duk harshen da nake ji. Shugaba ya ce magana ce mai kyau, za a duba. Ya ce abu na gaba shi ne tayar motar ta baya ta hagu.

Sai matar ta tashi. Ta je ta ajiye wayoyin biyu a gaban shugaba, da littafin, da caja.

“Madam, ai an wanke ki,” in ji shi. “Ba ki ji ba?”

“Na ji, Oga. Ba kora nake tsoro ba. Gobe wani zai kira, zan zaɓa, kuma abin da na sani yau shi na sani ranar Talatar nan, sai murmushi ɗaya da Baba ya ƙara mini. Ranar da kuka samo mai koyarwa, kun san gidanmu.”

Suka yi ta magana a tare. Fasto ya ce ta yi haƙuri saboda Allah. Shugaba ya tura wayoyin gaban direba, wai ya riƙe kafin a ga abin yi. Direba ya ce, “Ni da nake tuƙi? Da wane hannu?”

Na bi ta waje ina jan ƙafa. Na kira ta, “'Yata!” Ta tsaya a bakin titi ta jira ni. Da na iso na rasa abin da zan ce, don ba ni da mai koyarwa a aljihu, kuma ni na jawo. Na ce ta yafe mini. Ta ce ba komai, Baba. Ta duba inda motar ɗana take a da, ta ga ba ta nan. Ta kama hannuna ta tsallakar da ni, ta tsayar da bas mai zuwa Samaru, ta ce wa direban ya bar mini gaba saboda gwiwata. Ta rufe mini ƙofa da kanta, ta juya ta nufi kasuwa.

Na rubuta wa kwamitin sau uku tun daga lokacin. Har yanzu wayoyin suna hannun direba, yana ɗauka idan ba ya kan hanya.